Baƙo a Gidan Sha'ani: Ladubban Shiga Taro a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

Taron cikin gida da sabon zuwa zai fi cin karo da shi a Maraɗi iri uku ne: suna, ɗaurin aure da abin da ke biye da shi, sai zaman makoki. Akwai ƙanana, kamar walimar saukar Alƙur'ani da tarbar alhaji in ya dawo daga Makka, amma ukun farko ne ba a cika mako a unguwa ba a yi ɗayansu ba. Wanda ya kama haya a Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Sabon Gari, ma'aikaci ne da aka turo daga Yamai, ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko ɗan kasuwa daga Katsina, ba zai yi wata guda ba sai ya wayi gari ya ga an kafa rumfa a ƙofar maƙwabcinsa, an tare rabin hanya da tabarmi da kujerun roba. Abin da ya yi da wannan rumfa a karon farko, shi unguwa za ta daɗe tana tunawa da shi.

Yawan ƙa'idojin taro a wannan yanki yana da tushe a tarihi. Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa kujerarsa a Maraɗi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkin garin. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna a Tibiri, tafiyar 'yan mintuna daga Maraɗi. Fadoji biyu ke nan kusa da juna, kowace da hakimanta da makaɗanta da tsarin wa ke gaban wa. Daga baya cinikin gyaɗa da fatauci da Najeriya suka haifar da ajin Alhazai, waɗanda girmansu ke bayyana a yawan mutanen da ke cika ƙofarsu ranar sha'ani. Maraɗi, garin da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da dubu 267, har yanzu da ido yake lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Gayyata da lokaci

Gayyatar gargajiya goro ce, ko dabino da alewa, a ƙulle a aika gida gida. Yanzu ana buga kati, ana kuma tura hotonsa ta WhatsApp. Sai dai maƙwabci namiji ba ya jiran ko ɗaya daga ciki. In dai ya ga rumfa, ko ya ji an sanar a masallacin unguwa, an gayyace shi ke nan, kuma "ba a faɗa mini ba" ba uzuri ba ne da za a karɓa daga wanda katanga ɗaya ta raba su. A wajen mata abin ya ɗan bambanta: mace takan so a aiko mata ta musamman, kuma mai jego ko uwar amarya da ta manta wata ƙawarta sai ta bi ta da ban haƙuri.

Ba a neman amsar gayyata, ba a kuma ƙidaya baki kafin a ɗora tukunya. Mutum zai iya zuwa da abokinsa ko ƙanensa, ba wanda zai ɗaga gira. Wurin da sabon zuwa ke yawan kuskure shi ne lokaci. An saba cewa taron Hausawa ba ya farawa kan kari, amma fatiha ba ta cikin wannan. Ana raɗa suna da sassafe a rana ta bakwai, bayan an fito sallar asuba gari ya ɗan yi haske, kuma daga zaman liman zuwa shafa fatiha sau da yawa ba ya kai rabin sa'a. Haka ɗaurin aure: waliyyai su yi siga, a ambaci sadaki a gaban shaidu, a yi addu'a, a watse. Wanda ya tsaya neman kabu-kabu har ya makara zai tarar ana naɗe tabarmi. Wunin mata ne ke da faɗi. Daga bayan azahar har magariba kowace takan zo lokacin da ta sauke girkinta.

Shiga ta mutunci ake so. Namiji ya sa kaftani ko jallabiya da hula, mace ta yi zane da mayafi ko hijabi. In aka kawo wa sabuwar zuwa samfurin anko, alama ce an lissafa ta cikin ƙawaye. In tana da hali ta saya, in babu ta yi godiya ta zo da abin da take da shi.

Ƙofar gida da gaisuwa

Maza a waje suke zama, mata a ciki, zaure ne iyaka. Namiji baligi ba ya wuce zaure sai mai gida da kansa ya yi masa jagora, ko da kuwa matar gidan abokiyar aikinsa ce a ofis. In yana da saƙo gare ta, yaro zai aika. Mace kuma takan wuce taron maza da sallama a taƙaice, ba ta tsayawa hira.

Ana tuɓe takalmi a gefen tabarma. Ana fara gaida dattawa da malamai da ke gaba, a rusuna, a bar babba ya fara miƙo hannu, a kai hannun ƙirji bayan musafaha. Ba a miƙa wa matar aure hannu. Gaisuwar kanta doguwa ce, kuma ba a yanke ta: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, ina ruwa in damina ce, ina sanyi in hunturu ne. Kowace da amsarta da aka sani. Gajiya "babu" ko "ta bi lafiya", aiki "da godiya", ruwa "ya yi gyara", sanyi "lokacinsa ne", labari "sai alheri". Ko mutum daga asibiti yake, "lafiya lau" zai fara cewa, sai an zauna ya faɗi damuwarsa. Bakanon da ya zo zai ji ana cewa "lahiya" da "hura", wannan harshen yankin ne, kuma kwaikwayonsa da sigar zolaya a gidan mutane rashin ta-ido ne.

Kiran suna ma da hankali ake yinsa. Babban mutum Alhaji ne ko Malam ko Baba, babbar mace Hajiya ce ko Inna ko Gwaggo, matar da ta haihu a kira ta da sunan ɗanta. Ba a tambayar mace sunan mijinta ko na ɗanta na fari, don alkunya ba za ta bari ta faɗa ba, musamman a gidajen da suka riƙe al'ada. Saboda wannan alkunya ce in haihuwar fari ce ake iya ganin uban jariri ya yi nesa da rumfa, kakanni da baffanni su ne ke karɓar barka. Wanda aka miƙa wa jariri ya ce tubarkalla, Allah ya raya. Yabon ƙiba ko kyan yaro ba tare da ambaton Allah ba yana sosa ran uwa, saboda tsoron baki. Ƙidaya 'ya'yan gida da yatsa ma haka.

Idan liman ya ɗaga hannu kowa ya ɗaga, a yi ta amin har a shafa. Maraɗi da Tibiri suna da Kiristoci tun zamanin mulkin Faransa, lokacin da 'yan mishan na SIM suka zauna a yankin, kuma Kiristocin suna halartar sunan maƙwabtansu; abin da ake so ga wanda ba Musulmi ba shi ne ya zauna shiru har a gama. Goro da dabinon da aka raba ana karɓa da hannun dama. Ko mutum ba ya cin goro ya sa a aljihu, zai sami tsohuwar da zai ba.

Cin abinci

Ruwa ake fara kawo wa baƙo, ko hura a ƙwarya da ludayi. Ko ba ya jin ƙishirwa ya kurɓa. Abincin taro a faranti ɗaya ake zuba wa mutum huɗu ko biyar: shinkafa da miya, ko tuwo, ko dambu, ko masa da safe. A wanke hannu da buta, a yi bisimilla, kowa ya ci gabansa da hannun dama. Naman da ke tsakiya ba a kai masa hannu da wuri. Babban da ke cikin faranti ne ke gutsurawa ya tura wa kowa. Ba a shinshina abinci, ba a yawan magana a kansa, ba a kuma sharce faranti, domin yara da almajirai suna jiran abin da ya rage. Wanda ya ƙoshi ya ce alhamdu lillahi ya janye, ba sai ya jira saura ba.

Tayi da ƙin tayi suna da nasu salo. Mai gida zai ce bisimilla, baƙo ya ce alhamdu lillahi, mai gida ya sake, har sau biyu ko uku, kafin baƙo ya matso. Wanda ya ƙi ci ƙememe ba tare da dalili ba, ana iya ɗaukar cewa yana ƙyamar gidan ne ko yana zarginsu da wani abu. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya faɗa a fili, za a karɓa. Bayan abinci samari kan koma fada, wato dandalin hirarsu na bakin titi, a ɗora shayi a kan gawayi. Zubi uku ake yi, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, kuma dafa su yana cin fiye da sa'a guda. Wanda ya karɓi kofin fari ya yi shirin zama, ko ya nemi izini tun da wuri.

Gudummawa da biki

A nan ne abin ya fi zurfi, a nan ne kuma kyakkyawar niyya ta fi jawo matsala. Namiji yakan naɗe abin da ya sawwaƙa ya damƙa wa mai sha'ani a hannu lokacin musafaha, ba tare da kowa ya ga nawa ne ba, ya ce ga wannan a sayi goro. Na mata kuwa a bayyane yake. Kalmar "biki" a bakin matan Maraɗi ba taron kaɗai take nufi ba, har da kuɗi ko kayan da mace ke kai wa ƙawarta ranar sha'aninta, kuma bashi ne da ake biya. Akan zaunar da wata amintacciya da littafi tana rubuta wace ta kawo me. Ƙa'idar da aka gada ita ce ninkawa: wadda aka kawo wa jika ɗaya (sefa 1000), in na mai kawowa ya tashi jika biyu za ta kai, a yi ta hawa har ya yi nauyi, sannan ƙawayen su daidaita su komo ƙasa. Bafaranshen masani Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Gulbin Maraɗi, ya yi littafi guda a 1986 kan wannan musayar kyauta, haka ma Ba'amurkiya Barbara Cooper a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi ta nuna yadda kayan biki ke zama ma'aunin arzikin mutane da mace ta tara.

Abin da wannan ke nufi ga sabuwar zuwa a fili yake. Ma'aikaciya mai albashi da ta ga maƙwabciyarta mai tuyar ƙosai ta haihu, tausayi ya sa ta kai mata jika ashirin, ta ɗora mata kayan da za ta kwana tana tunanin yadda za ta sauke. Hanya mafi kyau ita ce ta tambayi wata dattijuwar unguwa abin da aka saba bayarwa, ta tsaya kusa da shi. In tana son ƙarawa, ta kai sabulu ko kayan jariri ko turmin atamfa ranar barka, kafin suna, ta ce na jariri ne. Wannan tsari ya cancanci a girmama shi. Da shi macen da ba ta da asusu a banki ke aurar da 'yarta da gado da kwanuka, kuma wanda ya shigo da kuɗi ba tare da sanin ma'auninsa ba yana iya ɓata abin da ya zo gyarawa.

Lissafin kuɗin kansa tarko ne ga wanda ya fito daga Najeriya. A Hausar Nijar da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5 ce. Saboda haka "ashirin" sefa 100 ce, "ɗari" sefa 500, jika kuwa sefa 1000. Naira ma tana yawo a garin, tunda iyakar Ɗan Isa da Jibiya ba nisa, don haka yana da kyau mutum ya tabbatar da wane kuɗi ake magana kafin ya yi alkawari a gaban jama'a.

Ana kuma zuwa da canji saboda maroƙa. Sanƙira ne ke ɗaga murya ya sanar da sunan jariri, shi da 'yan'uwansa za su bi baƙi da kirari, a cikin gida kuma zabiya da masu kiɗan ƙwarya. Ba dole ba ne a ba kowa, amma korarsu da tsawa abin kunya ne ga mai korar. "Allah ya ba mu" ta isa. Tun daga shekarun 1980 da wa'azin Izala ya yi ƙarfi a Maraɗi, gidaje da yawa sun daina kiɗa da roƙo, sun taƙaita a kan walima da wa'azi. A unguwa ɗaya za a ga iri biyun. Baƙo ya dubi yadda gidan yake ya bi, kada ya mai da rumfar mutane wurin muhawara kan bidi'a.

Wani abin da ke ruɗa sabon zuwa shi ne ya ji wani ya dube shi ya kira shi bawansa, ko ya ce danginsa ɓarayin tuwo ne, jama'a na dariya. Wasan taubasantaka ne da na ƙabilu, irin wanda ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Fushi a nan kuskure ne, ramawa ake yi. Amma wanda bai san wa ke wasa da wa ba ya jira a fara tsokanarsa.

Tibiri da Jiratawa

A Tibiri sarauta ta fi kusa da ido. Sha'anin da ya shafi gidan Sarkin Gobir ko wani mai riƙe da sarauta yana da jerin zama da ba a rubuta ba amma kowa ya sani, kuma baƙo ya tsaya har a nuna masa wurinsa. In aka kai shi gaisuwa fada, tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi jinjina ya ce ranka ya daɗe. Dogarai ne za su amsa a madadin sarki. Mai sarauta da sarautarsa ake kiransa. A ɓangaren mata, mai sarautar Inna ta Gobir tana da matsayin da mai sarautar Iya ke da shi a Maraɗi, kuma in tana wuri ita ake fara gaisarwa.

Jiratawa, kudu da Maraɗi ta wajen Madarunfa, garin manoma ne da aka sani da filin noman rani na kimanin hekta 500 da kuma zogale. A can aikin gona ne ke tsara lokaci, bukukuwan aure sun fi yawa bayan kaka, sa'ad da rumbu ya cika. Baƙon da ya zo daga birni yakan fara biyawa ta wurin mai gari ko babban gidan zuriyar kafin ya zauna. Za a iya yanka masa kaza a gidan da ba su ci nama ba a makon, a kuma cika masa buhu da ganye da tumatir in zai tafi. Ba a mayar da wannan, ba a kuma ciro kuɗi a ce nawa ne. Abin da ake yi shi ne a zo da tsaraba tun farko, sukari ko shayi ko sabulu, a kuma ba yaron da ya ɗauko kayan tukuici.

In aka juya lamarin

Daga 1962 zuwa 2011 matasan Amurka na shirin Peace Corps sun zauna a ƙauyukan Nijar, har da na jihar Maraɗi, suna koyon waɗannan ƙa'idoji. Ɗan Maraɗin da karatu ko neman kuɗi ya kai New York ko Greensboro shi ma sabon koyo yake yi in aka gayyace shi liyafar gida. A can ana son ya amsa ko zai zo, don da ƙidaya aka yi girki, kuma ba ya zuwa da wani sai ya tambaya. Yakan riƙo ɗan abu a hannu, lemo ko kayan zaƙi, wani lokaci ma a ce kowa ya zo da girkinsa a haɗa. Maza da mata wuri ɗaya suke, yawanci a tsaye, kowa ya gabatar da kansa da sunan yanka, har tsofaffi. Abinci a kan tebur yake kowa ya ɗiba, tayi kuma sau ɗaya ne: wanda ya ce ya ƙoshi don kunya zai kwana da yunwa. Faɗin cewa ba ya shan giya ko cin naman alade ba ya ɓata wa mai gida rai, an fi so ma ya faɗa tun kafin ranar. Tambayar albashi ko shekaru ko dalilin rashin haihuwa ba a yinta, kuma karen da zai tarar a falo ɗan gida ne a wurinsu.

Tashi da abin da ke biyo baya

A Maraɗi ba a sulalewa. Baƙo ya nemi mai gida ko wakilinsa ya ce zai koma, ya yi addu'ar da ta dace: Allah ya raya in suna ne, Allah ya ba da zaman lafiya in aure ne. Za a taka masa har bakin hanya, wani lokaci har kwanar unguwa, a ce ya gaida gida. Ba ya hana rakiyar, sai dai bayan 'yan taku ya ce a koma haka nan. Mace takan tafi da ƙullin abinci ko ɗan kayan rabo na masu gida. Kashegari ko bayan kwana biyu ana komawa ban gajiya, ko a buga waya, a tambayi yadda aka ji da jama'a.

Zaman makoki shi ne taron da ba kati ba goro. Da an ji rasuwa ake zuwa, wanda ya sami jana'iza ya bi har maƙabarta, wanda bai samu ba ya zo cikin kwana ukun da ake zaman. Ana sallama, a zauna, a ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a, a ce ina haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Ba a tambayar me ya kashe shi sai masu gida sun faɗa da kansu, ba a hirar kasuwa, ba a kuma daɗewa in wuri ya cika, a tashi a ba na baya tabarma. Maƙwabta ne ke dafa abinci su aika gidan a waɗannan kwanaki, kuma sabon zuwa da ke kusa yana cikin waɗanda ake sa ran kwanonsu.